Yayata ta ce in ɗauki ɗanta aiki da takardun aro

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Kano ne, shekarata 14 a Amurka, ina zaune a gefen Atlanta cikin jihar Jojiya. Ina da katin zama na dindindin, baɗi in Allah ya yarda zan nemi zama ɗan ƙasa. Sana'ata sayen motocin gwanjo, mu gyara na gyarawa, mu loda a kwantena zuwa Legas ta tashar Savannah. Ma'aikatana 13. Tunda muka haura mutum goma doka ta wajabta mini tantance duk sabon ma'aikaci a E-Verify, na'urar gwamnati mai duba ko mutum yana da izinin aiki, kuma sai da shaidar haka ake sabunta mini lasisin kasuwanci.

Ɗan yayata mai shekara 24 ya zo da bizar ziyara lokacin sunan 'yata. A filin jirgi an ba shi wata shida, wa'adin ya cika wata huɗu da suka wuce, bai koma ba. Yana gidana. 'Yan makonnin nan yana bi na gareji yana taya lodi, ina ɗan sam masa wani abu a hannu. Yanzu wani abokina ya zo da shawara: ƙaninsa haifaffen nan ne amma ya koma gida da zama, zai ba mu aron sunansa da lambarsa ta soshiyal (Social Security, lambar aiki da haraji), mu riƙa tura masa wani abu duk wata. Ya ce na'ura ba za ta gane ba, kuma mutane da yawa haka suke yi.

Malam, Yaya ita ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. Sarƙarta ta zinare ta sayar aka cika mini kuɗin jirgi. Jiya ta aiko mini da saƙon murya tana cewa, "Kana ɗaukar bare aiki, ka bar jininka yana zaman kashe wando? Ashe haka Amurka take mayar da mutum?" Matata kuma ta ce in na kuskura na yi, in san na jefa ta da yara cikin masifa. Barci ya gagare ni. Me zan yi?

Ɗan'uwanku a Atlanta

*

Wa alaikumus salam wa rahmatullah.

Ɗan'uwa, kafin mu zo kan Yaya da abokinka, ɗauko kalanda. A cikin wasiƙarka akwai abin da ka ambata a wuce, kuma shi ya fi tayar mini da hankali: wata huɗu.

Yau da daddare ka zaunar da yaron, ku shiga shafin hukumar kwastam da tsaron iyaka ta Amurka da lambar fasfonsa, ku fitar da takardarsa ta I-94. Ranar da ke jikinta ita ce ranar da izinin zamansa ya ƙare, ba ranar da ke kan bizar da aka manna a fasfo ba, kuma mutanenmu da yawa nan suke ruɗewa. Daga washegarin wannan rana doka ta fara ƙirga masa kwanaki. Tun dokar shige da fice ta 1996, wanda ya zarce kwana 180 ba bisa izini ba sannan ya fita, an haramta masa dawowa har shekara 3. Wanda ya cika shekara guda, shekara 10. Wata huɗu kusan kwana 120 ke nan. Abin da ya rage masa bai wuce wata biyu ba, wataƙila ma bai kai ba idan lissafinka na baki ne. Ba zan yi maka daɗin baki ba: bizarsa ta riga ta mutu tun ranar da ya zarce wa'adi, ko da kwana ɗaya ne, kuma samun wata sai an sha wuya, balle tun Yulin 2025 da aka mayar da yawancin bizar ziyara ta 'yan Najeriya ta shiga ɗaya mai wata uku. Amma ƙofar da aka tura daban take da wadda aka garƙame da kwaɗo. Yanzu tasa a ture take. Duk kwanan da kuka ɓata kuna jan magana da Yaya, kwaɗon ake matsowa da shi.

Sai maganar takardun aro. Amsata a'a ce, kuma ba don kare ka kaɗai na faɗa ba. Wanda wannan shawara za ta fi cutarwa shi ne yaron da ake son a taimaka.

Kai ka fi ni sanin fom ɗin I-9, na tabbatar da izinin aikin sabon ma'aikaci, tunda kana cika shi. Buɗe shafin farko ka duba wurin da ma'aikaci ke zaɓar matsayinsa. Akwatin farko na cewa shi ɗan ƙasar Amurka ne. Mai sunan da za ku ara haifaffen can ne, don haka wannan akwati ɗan yayarka zai yi wa alama, ya sa hannu a ƙasa bisa rantsuwa. Wannan ɗan ɗigon biro ya fi duk abin da ya yi zuwa yau nauyi. A dokar ƙasar, baƙon da ya yi ƙaryar cewa shi ɗan ƙasa ne don ya sami aiki ko wani amfani, an rufe masa ƙofar zama har abada, kuma kusan babu hanyar yafiya. Ka gwada abu biyu ka gani. Mutumin da ya shigo da biza ta ƙofa, ya zarce wa'adi, har ma ya yi aiki ba izini, idan Allah ya haɗa shi da 'yar ƙasa suka yi aure na gaskiya, doka kan kau da kai daga zarcewar da aikin, ya nemi katin zama yana cikin ƙasar. Amma idan aka tono fom ɗaya da ya yi wa akwatin farko alama, aure ba ya wanke shi, haihuwa ba ta wanke shi. Fom ɗin kuwa ba ya ɓacewa, domin kai da kanka doka ta ce ka adana shi shekara 3 daga ranar ɗauka, ko shekara guda bayan barin aiki, duk wanda ya fi tsawo. Wato da hannunka za ka ajiye shaidar da za ta kashe masa gaba, a cikin durowar ofishinka. Ban ma taɓo laifin amfani da lambar wani ba, wanda shi kansa yana kai mutum gidan yari kafin a tasa ƙeyarsa.

Abokinka ya ce na'ura ba za ta gane ba. A nan yana da rabin gaskiya, kuma rabin gaskiya ya fi ƙarya tsagwaronta haɗari. E-Verify aikinta ta ɗauki suna da ranar haihuwa da lamba ta gwada su da kundin hukumar soshiyal da na ma'aikatar tsaron cikin gida. Idan sun dace, ta ce an tabbatar. Sunan mutum na gaske da lambarsa ta gaske sukan wuce, wannan sanannen rauninta ne. A watan Yunin 2025 jami'an ICE, hukumar da ke kama baƙi marasa takarda, sun dira wata masana'antar nama a Omaha ta jihar Nebraska suka kwashe mutum sama da 70, alhali kamfanin yana amfani da E-Verify. Na'ura ta wuce da su, jami'ai ba su wuce ba. Abin da tantancewar ke ba mai kamfani shi ne hujjar cewa ya yi iyakar ƙoƙarinsa, an yaudare shi ne bai sani ba. To kai fa? A sashe na biyu na fom ɗin za ka sa hannu cewa ka duba takardun, kuma a iya saninka na wanda ke tsaye a gabanka ne. Yaron da wataƙila kana wurin aka raɗa masa suna, wanda ke ce maka Kawu a gaban ma'aikata 13, wanda adireshinsa gidanka ne. Wane alƙali za ka gaya wa ba ka sani ba? Rigar da dokar ta ɗinka ta marar sani ce, ba za ta shige ka ba.

Ga abin da ke kan wuyanka. Tarar ɗaukar wanda ka san ba shi da izini tana kamawa daga ɗaruruwan daloli zuwa dubbai a kan kowane mutum. Wannan mai sauƙi ce, kuɗi ne. Hannu a takardun bogi shi ne babba, domin laifi ne da ke iya taɓa katin zamanka kai kanka. Mai katin dindindin baƙo ne har yanzu, ana iya korarsa. Kuma baɗi da kake shirin neman zama ɗan ƙasa, a fom ɗin N-400 akwai tambayar ko ka taɓa aikata laifin da ba a kama ka a kansa ba, kuma bisa rantsuwa za ka amsa. In ka ce e, ka tona kanka. In ka ce a'a, ka ɗora ƙarya a kan ƙarya, kuma takardar ɗan ƙasa da aka samu da ƙarya ana iya ƙwace ta ko bayan shekaru. Uwargidanka ba tsoro ne ya yi mata yawa ba, lissafi ta yi. Ka haɗa da mutum 13 da ke cin abinci a garejin nan, waɗanda Yaya ta kira bare. Kowannensu akwai tukunyar da ke jiransa.

Bari in ɗan kauce in faɗi ra'ayina a kan dokar, don kada ka ɗauka ina yi mata kirari ne. Kafin 1986 ba laifi ba ne a dokar tarayya mutum ya ɗauki marar takarda aiki. A watan Nuwamban shekarar Shugaba Reagan ya sa hannu a dokar da ta zo da ciniki biyu: aka halatta zaman mutum kusan miliyan 2.7, sannan aka ɗora wa masu ɗaukar aiki nauyin duba takardu, daga nan I-9 ya samo asali. Tantancewa ta kwamfuta ta fara a matsayin gwaji a 1997, aka raɗa mata E-Verify a 2007. Har yau majalisar tarayya ba ta wajabta ta a kan kowa da kowa ba, kuma babban dalili shi ne gonaki da mayanka da kamfanonin gini sun san da guminsu wa suke tafiya. Jihohi ne suka shiga gaba. Arizona ta wajabta daga farkon 2008, Kotun Ƙoli ta goya mata baya a 2011, a shekarar ce kuma Jojiya ta yi tata dokar, wadda ta sauko kan masu ma'aikata sama da goma a 2013. A lokacin manoman jihar sun yi ta kukan rashin masu girbi. Filorida ta bi sahu a 2023 ga masu ma'aikata 25 zuwa sama. A ganina akwai fuska biyu a lamarin: ƙasa tana son aikin, ba ta son mai aikin. Manyan kamfanoni kuma sun iya laɓewa bayan 'yan kwangila, 'yan kwangila su laɓe bayan ƙananan 'yan kwangila. Ko da jami'ai suka dira wurin ginin masana'antar batir ta Hyundai kusa da Savannah a Satumban 2025 suka tsare mutum kusan 475, yawancinsu 'yan Koriya ta Kudu, gwamnatin ƙasarsu ta aiko jirgi ya kwashe nata. Kai wa zai aiko maka jirgi? Ba ka da bayan da za ka laɓe. Kai ne mai kamfani, kai ne mai sa hannu, kai ne kawu.

Kuma kada mu cika ɗaga murya a kan Amurka kamar mu ba mu taɓa yi ba. A 1969 gwamnatin Busia ta kori baƙi marasa takarda daga Gana, Hausawa da Yarbawa da yawa suka baro zango da abin da hannu zai iya ɗauka. A farkon 1983 gwamnatin Shagari ta rama, aka ba baƙi 'yan makonni su fice, 'yan Gana wajen miliyan guda suka yi cincirindo a kan iyaka, har jakar da suka zuba kaya ta samu sunan da ake kiranta da shi har gobe. Kowace ƙasa in tattalin arziki ya matse ta, baƙo take fara dubawa. Dokar tana iya zama marar daɗi, amma rashin daɗinta ba ya rage ko kwana ɗaya a cikin 180 ɗin nan.

Yanzu ka bar maganar kamu, mu ɗauka ba a taɓa kama ku ba. Ka san yadda ake lodin kwantena mai ƙafa 40: a ɗaga gaban mota da sarƙa, a kafa katakai, a cusa wata a ƙarƙashinta, mutum yana tsugune a tsakanin ƙarfe da ƙarfe cikin zafin Jojiya. Ranar da sarƙa ta zame ta sauko a ƙafarsa, da wane suna za ka kai shi asibiti? Inshorar ma'aikata sunan ƙanin abokinka ta sani. In ka ba da sunan aro, an buɗe fayil na jinya da jinin wani a kan sunan wani. In ka ba da na gaskiya, ka tona asiri da bakinka a gaban ma'aikaciyar jinya. A wannan minti, yaro yana ihu a bayan mota, za ka tsaya kana tunanin wane suna za ka faɗa. Ko ba a yi haɗari ba, kullum sai ya amsa sunan da ba nasa ba, albashi ya shigo da sunan wani, haraji ya tafi asusun wani, abin da ake yanka na fansho ya taru wa wani. Mai sunan kuma yana zaune a gida yana karɓar kasonsa, ranar da ya ga dama ya ce a ƙara, ku ƙara, domin wuyanku yana hannunsa. Ranar da ya dawo Amurka ya nemi aiki ko tallafi, ko hukumar haraji ta tambaye shi kuɗin da bai san da su ba, kansa zai fara ceta. Haka duk ma'aikacin da kuka saɓa da shi a gareji ya san inda zai buga waya. Zanen aro dai ba ya rufe katara. Ka kuma tambayi malamin da ka yarda da shi game da gargaɗin da ya zo a hadisi kan mutum ya danganta kansa ga wanda ba ubansa ba yana sane. Ni ba mai fatawa ba ne, amma na san magana ce da za ta shiga kunnen Yaya fiye da lambobin fom.

Za a kawo maka wasu dabarun, gara ka ji su daga gare ni. Za a ce ka mayar da shi ɗan kwangila mai zaman kansa, ba ma'aikaci ba, sai ka huta da I-9. Dokar 1986 ta riga ta toshe wannan: wanda ya yi amfani da kwangila don ya ci gumin wanda ya san ba shi da izini, daidai yake da wanda ya ɗauke shi aiki. Za a ce ya nemi lambar ITIN. Lambar biyan haraji ce kawai, ba ta ba kowa izinin aiki. Za a ce auren takarda. Hukuncinsa yana kai shekara 5 a kurkuku da tarar dala 250,000, kuma wanda aka samu da shi ba a ƙara amincewa da wata takardar neman zama da aka shigar dominsa. Za a ce a ƙirƙira masa labarin neman mafaka. Idan da gaske akwai abin da yake gudu a gida, wannan haƙƙinsa ne, kuma ana shigar da ita ne cikin shekara guda da shigowa, shi kuwa ya ci wata goma, don haka ya gaya wa lauya yanzu. Idan babu, labarin ƙarya da aka gano yana jawo haramcin da ba ya ɗagawa. Sai kuma abin da na san Yaya tana zato, cewa kana da ikon nema masa takarda ka ƙi. Ba ka da shi. A tsarin dangi na Amurka babu gurbin ɗan 'yar'uwa sam. Ko ka zama ɗan ƙasa, ita Yaya za ka iya nema wa, layin 'yan'uwa kuma yana haura shekara 15, ɗanta da ya wuce 21 ba ya bin ta. Cacar biza ma an cire Najeriya daga cikinta fiye da shekara goma. Ka gaya mata wannan dalla-dalla, domin ina kyautata zaton rabin fushinta daga rashin saninsa ne.

Cikin makon nan ka kai shi wurin lauyan shige da fice mai lasisi, ko wakilin da ma'aikatar shari'a ta amince da shi a ƙungiyoyin taimakon baƙi. Ban da masu cika fom a bayan shago, waɗanda ke karɓar kuɗi su ce sun san wani a ciki. Ka biya kuɗin ganawar, ka bar su su keɓe, domin akwai abin da yaro ba zai faɗa a gaban kawunsa ba, kuma wani lokaci a cikin abin da ya ɓoye ne hanya take. Kai ma ka nemi taka ganawar daban. Ka faɗa wa lauyan gaskiyar makonnin da yaron ya yi yana taya lodi, ka kuma tambaye shi matsayin zamansa a gidanka, domin akwai dokar ɓoye marar takarda kuma kotuna ba su zama baki ɗaya a kan iyakarta ba. Ban ce ka kore shi ba. Ɗan yayarka ne, ba a jefa shi titi.

Gareji kuwa daga gobe ya daina zuwa. Abin da kake kira taya lodi, doka aiki take kiransa, ko da kuɗi a hannu ko da abinci. Amma ka zauna ka lissafa awannin da ya yi, ka biya shi cikakke kamar yadda kake biyan kowa. "Ɗan sam masa wani abu" ba lada ba ne. Dokar ƙwadago ta ƙasar ma ta ce aikin da aka riga aka yi sai an biya, da takarda ko babu, addini kuma ya riga ta faɗa. Sannan kada tsoro ya sa ka koma gareji ka fara tsare ma'aikatanka masu baƙon harshe kana neman ƙarin takardu, ko ka sake tantance tsofaffi a na'ura. Wannan ma laifi ne, na wariya. Ma'aikaci shi ke zaɓar takardar da zai nuna daga jerin da aka amince da shi, kuma in na'ura ta ce bayanai ba su dace ba, ba a korar mutum sai an ba shi damar gyarawa.

To me za ka ba yaron a madadin abin da ka hana shi? A nan na ga kana da abin da mafi yawan masu rubuto mini ba su da shi. Kasuwancinka ƙafa biyu gare shi, ɗaya a Savannah, ɗaya a Legas. Wa ke tsaya maka a Tin Can in kwantena ta sauka? Wa ke bin ejan yana ganin abin da aka biya kwastam da abin da aka ce an biya? Wa ke raka motoci zuwa Arewa, wa ke kai injuna da gyabobi Ƙofar Ruwa ya tsaya a kan ciniki? Na tabbata akwai kuɗin da ke zubewa a wannan hanya duk wata, kuma ka san da haka, ka haƙura ne don ba ka da naka a wurin. Ga naka Allah ya kawo. Ya ga yadda ake sayen gwanjo, ya ga lodi da idonsa, ya san abin da ke cikin kwantena kafin a rufe ta. Ka yanka masa albashi na gaske, ka sa masa kaso a kan kowace mota, ku rubuta a takarda da shaidu don zumunci ya tsira. Ka saya masa tikiti, ka haɗa shi da kwantenar farko da zai tara. Mutumin da ya sauka Kano a matsayin wakilin kamfanin kawunsa daban yake da wanda aka sauke a Legas da rakiyar jami'ai da leda a hannu. Na san abin da yake tsoro ke nan, kuma shi Yaya take tsoro: a ce ya je Amurka ya dawo hannu rabbana. Wannan kunyar ita ce ainihin ciwon, ita za ka yi wa magani.

Na lura a duk wasiƙarka ba ka faɗi abin da shi yaron yake so ba. Yaya ta yi magana, abokinka ya yi, uwargida ta yi. Shekararsa 24, ba yaro ba ne sai a bakinmu. Ka fita da shi ku biyu, ka nuna masa kwanakin a kan takarda, ka gaya masa abin da za ka iya da abin da ba za ka iya ba. Yana iya cewa ya ji ya gani zai zauna. In ya zaɓi haka bayan ya ji daga bakin lauya, zaɓinsa ne, ba za ka ɗaure shi ka sa a jirgi ba. Sai dai ya sani tun yanzu cewa ba da sunan aro ba, ba kuma a garejinka ba, kuma wannan magana ba za ta canza ba ko wa ya kira.

Saura Yaya. Kada ka mayar mata da saƙon murya, saƙon murya ana tura wa dangi, a yi ta juya shi. Ka kira ta, lokacin da ka san ta idar da sallar isha'i ta zauna, ko da kai a wurinka tsakar aiki ne. Ka bar ta ta gama faɗan ta tas, kada ka katse ta. Sannan kada ka fara da naka haɗarin, domin in ka ce "za a ƙwace mini kati", abin da za ta ji shi ne ka fifita kanka. Ka fara da ɗanta. Ka ce, "Yaya, abin da ake so in yi, in na yi shi, ɗanki ba zai ƙara samun takardar ƙasar nan ba har ya mutu, kuma zai iya shiga kurkuku da sunan wani. Ke kika riƙe ni, ba zan yi wa ɗanki haka ba. Ga abin da zan yi masa." Sai ka kawo maganar Legas da albashi da kaso, da lambobi, ba da "in sha Allahu za a duba" ba. In akwai babba a gidanku da take jin nauyinsa, kawu ko baffa ko limamin unguwa, ka riga ta zuwa wurinsa ka warware masa komai, don ranar da ta kai ƙararka ta tarar ya riga ya fahimta. Tana iya yin fushi wata ɗaya ko biyu, tana iya daina ɗaga wayarka. Ka ci gaba da kira duk Juma'a, ka ci gaba da aiken da ka saba, kada ka rage ko sisi kada kuma ka ƙara.

Na ce kada ka ƙara, domin na san abin da zuciyarka za ta raya maka: ka saya mata sarƙar zinare ka aika a huce. Bashin sarƙar nan yana kanka, kuma ya kamata a ce ka biya shi tuntuni. Amma in ta iso a cikin wannan rigima, toshiyar baki za ta zama, kuma Yaya za ta gane. Ka bari sai yaron ya tari kwantenarsa ta farko ya kai mata ribar da hannunsa, sannan ka ba shi sarƙar ya kai mata da Sallah.